Kumburin Da Baffa Iro Bai Gani Ba

Zuwa ga yayana Nasiru,

Bayan sallama da gaisuwar girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake, amma yau sai na rubuta.

Baffa Iro yana nan da ransa, yana raba fatawa a gindin darbejiya kamar a gidansu aka ƙirƙiro ilimi. Jiya ma labarinka ya ɗauko, wai ka ƙare karatun likitan dabbobi ka dawo kana ɗibar jinin kare. Aka bushe da dariya, har da waɗanda ko sunansu ba su iya rubutawa ba.

Ka tuna shekarar da damina ta yi gardama, tuwo ya koma sau ɗaya a rana. Durwa, karen da ke gadin awakin Inna, ya fara tangaɗi, wuyansa ya sandare. Gari ya ce haukan kare ne. Kai ka ce da hannunka ka yi masa rigakafi, kuma bai ciji kowa ba. Ka ɗaure shi a bayan rumbu, ka ɗebi jininsa a 'yar kwalba. Ka ce akwai abin da ake aunawa a jini, in ya hau to akwai kumburi, wataƙila a lulluɓin ƙwaƙwalwa, kuma yana jin magani. Kwana uku kawai ka roƙa, ka hau motar Ɗambatta zuwa Kano.

Kalmar kumburi ce ta kashe shi. Baffa Iro ya sa sanda ya jujjuya kan Durwa, ya leƙa nan ya leƙa can, ya ce, "Ina kumburin?" A iliminsa, kumburi sai irin na maruru ko harbin kunama. Tunda kan kare bai yi suntum ba, boko ya yi ƙarya ke nan. Manyan banza, gemu har ƙirji, suka gyaɗa kai suka ɗauko gorori.

Ka dawo da takarda da magani a aljihu, awon ya hau kamar yadda ka faɗa, ka tarar da rami an rufe. Ba ka zagi kowa ba. Ka dai tambayi wanda ya kwance igiyar, domin Durwa ba ya bari baƙo ya matso. Kowa ya ce bai sani ba.

Ni ne, Yaya. A lokacin ina neman 'yar Baffa Iro, ba na son ya ɓata rai da ni. Na kira sunan Durwa, ya ɗago kai da ƙyar yana kaɗa wutsiya, na ja shi har gabansu. Duk rainin da nake musu, laifina ya fi nasu. Shekaru ka yi bayan nan muna cin tuwo a kwano ɗaya, na kasa buɗe baki har aka ɗauke ka.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ni kuma Ya yafe mini, tunda na makara wajen roƙonka.

Ƙaninka,
Habibu