Wa Ke Taɓa Mini Saksofon?

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Saksofon ɗin da ka ara mini yana nan. Har yanzu in na busa sai ka ce an taka wutsiyar kare, sautin ƙasan nan kuwa ya ƙi fita sam.

Amma ga abin da ke cina: wani yana taɓa mini shi. In na dawo daga shago sai in tarar da ɗan karan bakin a jiƙe, igiyar wuyan kuma an rage mata tsawo. Na tsare yara, sun rantse. Maman yara ta ce wa zai so wannan hayaniyar. Ni maƙwabcinmu direba nake zargi, tunda ya taɓa cewa na hana shi sakat. So ake a lalata shi in haƙura. In haka ne gara in dawo maka da kayanka.

Ƙaninka.

Ƙanena,

Muna lafiya. Mai son lalata abu ba ya tsayawa gyara igiya daidai wuyansa. Ka ƙyale direba. Kada kuma ka dawo mini da shi, don tun rasuwar Baba ban ga abin da ya sa ka dariya ba sai shi.

Yayanka.

Yaya,

Ina gaisuwa da ladabi. Ni ce ke taɓa saksofon ɗin. Goge masa ƙura na je yi, na ce bari in ji me ke wahalar da bawan Allah haka. Na busa, sai ga sauti ya fita. Yanzu waƙar da yake ta fama da ita na iya ta har ƙarshe. Don Allah kada ka gaya masa. Ka san halin ƙaninka, in ya ji na riga shi, ya ajiye ke nan, kuma ba na son ya koma zaman shirun nan.

Matar ƙaninka.

Yaya,

Gaisuwa. Jiya na manta makulli, na dawo gida da hantsi. Sai na ji maman yara na busa shi, na tsaya a bakin ƙofa har waƙar ta ƙare, sannan na juya. Na ji haushi, ban ɓoye maka ba, amma ta iya.

Kada ta san na sani. Ka dai tambaye ta, kamar daga kai, yadda take fitar da sautin ƙasan nan.

Ka huta lafiya.

Ƙaninka.