Ƙuri'ar Yaya Binta

Daren Juma'a, Doha

"Ke ce malamar jami'a, me suke so?" in ji Yaya Binta, ta miƙo min biro da takardar ƙuri'ar da jiharta ta Amurka ta aiko mata, don ita ta zama 'yar ƙasar.

Na ce tambayarta ake: 'yan majalisa su ci gaba da shata wa kansu iyakokin mazaɓu, ko a ba kwamitin da ba ruwansa da jam'iyya?

"Khalas, shi ke nan, zaɓa min, miyata na kan wuta."

Ni ƙasata ba ta karɓar ƙuri'a daga waje. Na daɗe riƙe da biron, ina tuna layin mata ranar zaɓe a firamaren unguwarmu a Zariya, Umma a gabana tana tsegumi.

Ban zaɓa ba, ƙuri'ar ba tawa ba ce. Na ajiye biron, na ja mata ƙofa na tafi.