Baba, Ki Tsaya

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da duk mai karantawa. A ɓoye sunana. Ban yi boko ba, da murya na turo, ke ki rubuta. Mai niyyar zagina ya bari ya kai ƙarshe tukuna.

Gadi nake yi a ofishin wani mai harkar filaye a Utako. Kwanana a Jikwoyi. Kafin nan a Durumi nake, aka rushe mana. Kafin Durumi garinmu aka ƙone. Abu ɗaya na koya a duk wannan: in na ga abu, na kau da kai. Shi ya kawo ni yau da raina.

A layinmu akwai wata tela 'yar Binuwai, zan kira ta Rahila, ba sunanta ba ne. Ita ke gyara min kayan aiki in sun yage. Tana da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, da ita take ɗaukar bidiyo tana sawa a intanet. Ba ta rawa, ba ta nuna fuska. Hannayen mutane take ɗauka: mai suyar ƙosai, mai buga bulo, mai saƙar tabarma, tana magana ta bayan waya. Sai ta bar ɗinkin mutane a kan keke ta fita don ta ga rana ta faɗo a kan kwanon wata mai tallan gyaɗa yadda take so. Na taɓa ce mata, "Nawa suke biyan ki?" Ta ce, "Ko sisi, Baba Maigadi." Na ce, "To wahalar me?" Ta ce, "In na ga abu ban ɗauka ba, jikina ba ta daɗi." Na ce mata hauka ce. Ta yi dariya ta ɗauki hannuna ina ɓare goro.

Hausarta ta kasuwa ce. Da, kowa "ka" take ce masa. Wata rana ta ce wa tsohuwar da nake haya a gidanta, "Mama, ka zauna." Na ce, "Ke! Ki zauna ake cewa." Ashe ita ta ɗauka "ki" ta girmamawa ce, ta manya. Tun daga ranar duk mai furfura "ki" ne, har ni. Ban gyara mata ba, don yana ba ni dariya.

Ogana yana da wata gona a hanyar Karshi da yake cewa tasa ce. Wani dattijo Bagware yana cewa ta kakanninsa ce, akwai kaburburansu a ciki. Rahila ta je ɗaukar dattijon yana haƙar doya, ba ta san da rigima ba. Tana cikin ɗauka yaran oga suka iso suka fara tumɓuke masa shuka. Ba ta kashe wayar ba. Bidiyon ya bazu, wanda zai sayi filin ya janye.

Wata rana ina buɗe wa oga ƙofa, yana cikin mota da babban yaronsa, wani dogo mai tabo a leɓe, suna ta maimaita bidiyon suna neman mai shi. Sai na ji muryar mace a cikin bidiyon tana ihu: "Baba, ki tsaya! Baba, kar ki je, za su buge ki!" Dariya ta kuɓuce min. Na ce, "Rahila ke nan."

Oga ya sauke gilashi. Ya ce, "Malam, ka san ta?" Da na ce wasa nake, da ya wuce? Ban sani ba. Na dubi mai tabo, ya dube ni. Na ce, "Tela ce a layinmu." Na faɗa da bakina, ba wanda ya taɓa ni. Ni da aka tumɓuke sau biyu, na miƙa wadda ta tsaya wa wanda ake tumɓukewa. Ina jin kunya? Ina ji. Kunyar ta hana ni komawa aiki washegari? Ba ta hana ba.

Oga ya ce ranar Asabar zan shiga mota in nuna musu shagonta. Ya ce, "Magana kawai za su yi da ita." Na san maganarsu. Akwai wani mai walda da suka yi magana da shi kan wani fili, har yau ba ya iya riƙe cokali da hannun dama. Mai tabo kuma ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, kai kaɗai ka san mun sani. In ta ɓace, mun san wa ya yi waya."

Jiya na bi ta shagon da niyyar in faɗa mata. Na same ta tana ta murna. Dattijon ya aiko mata da doya, ya ce ta zo ranar Asabar da yamma ta ɗauki matansa suna kwasar sauran amfanin gonar a kafaɗa, kafin a ƙwace. Na ce, "Bar wannan abu, mutanen nan ba sa wasa." Ta ce, "In ban ɗauka ba, wa zai san an taɓa noma a wurin?" Ta ƙara da cewa ta gaji da ɓoyo, wannan karon za ta juyo da wayar ta nuna fuskarta. Na tsaya ina kallon ta. Na ce ta gyara min maɓalli, na fita.

In na faɗa mata, ba za ta gudu ba, na san ta, bidiyo za ta yi a kai, kuma kaina za su dawo. In na yi shiru, ni zan zauna a gaban mota in miƙa yatsa. Yau Alhamis. Jama'a, me zan yi?