Mabuɗin Tsoho Munro

Laraba da dare, Tottenham, 1976

Ana sanar da jama'a cewa yau butar shayina ta riga mu gidan gaskiya. Na ɗora ta a wuta, na buɗe wasiƙar gida, ban sake tuna ta ba sai da ɗaki ya cika da ƙauri.

An rushe En'e, hukumar mulkin garinmu. Ofishin da na shekara ashirin ina magatakarda babu shi, alhali su suka turo ni nan koyon mulkin gari.

Ban ji komai ba. Tsoho Munro na ƙasan bene kawai na tuna. Shi ma magatakarda ne a wani garin Sikotlan, har bara da aka rushe majalisunsu ya dawo wurin 'yarsa. Kullum sai ya ba ni tarihi: yadda kakanninsa suka fasa gumakan coci, dattawan gari suka riƙe hukunci, mai laifi ya zauna kujerar tuba gaban jama'a ran Lahadi. Har yau mabuɗin zauren majalisar yana aljihunsa.

Makon jiya na ce masa, "Baba, ku da kuka sallami Paparoma ko a jikinku, ƙofa ce za ku yi wa zaman makoki? Ofis ai ba uwa ba ne."

Ya ce, "Sannu dai, Malam."

Ɗazu na buɗe jakar fasfo zan ajiye wasiƙar, sai ga mabuɗin durowata ta ofishin En'e ɗaure da zare. Ni na ƙetaro teku da shi.

Gobe zan sauka in gaishe shi. Ni ne ban yi daidai ba.