Kwalin 'Yan Tsaki a Gidan Makoki

Alsawra, daren Talata.

Yau ma biyu sun mutu. Sauran 'yan tsakin sun cika sati biyu amma kamar na kwana biyar, ga mura.

Yaya Adam ya tsuguna bakin akurki yana jujjuya ledar garin amino asid da muke zuba musu a ruwa. Ya ce, "Garin jabu mai shagon nan ya sayar mana. Gobe zan same shi."

Na bar shi da zarginsa, alhali garin ba shi da laifi. Ranar da na ɗauko su daga unguwar Alhilla Kuku, likitan dabbobi ya ja mini kunne: ina isa gida in ba su ruwan garin da abinci, domin cin ranar farko ke gina hanjinsu da garkuwar jikinsu. Sai na biya gidan makokin maƙwabciyarmu, marigayiya Hajja Zainab. Wa ke gaisuwar mutuwa a tsaye? Na tura kwalin ƙarƙashin gado, na shiga wanke-wanke har magariba. Ina jin kukansu, na bar shi ya ɓace cikin na mata.

Yaya ya riga ya goge jallabiyar da zai sa gobe. Dole in riga shi bakin ƙofa, in faɗa masa gaskiya.