Takardar da Ta Ɓace daga Bayanin Ƙasa

Garwa, Rajab 1329

Zuwa ga yayana Malam Ilyasu a Wuro Jaɓɓi. Gaisuwa da girmamawa. Ina Hajja da yara?

Bayan haka, Baturen Jamus da nake wa tafinta yana son bayanin ƙasarku: kogunanta, tarihinta, da abin da ake nomawa. Na ce masa babu wanda ya san ta kamarka. Ka taimaki ƙanenka, kada in ji kunya. Wassalam.

Shu'aibu

Wuro Jaɓɓi, Sha'aban 1329

Ƙanena Shu'aibu, aminci ya tabbata gare ka. Ashe yanzu har Bature ake yi wa alkawari da alƙalamina.

Ga takardu huɗu. Ƙasar dai ka san ta: Binuwai a kudu, duwatsu a arewa, tsakaninsu mutane masu gardama. Tarihinmu gajere ne. Fulani sun zo da shanu, kakanninmu sun biyo su da gishiri daga Kano, kowa ya ce wucewa zai yi, ga kaburburansu nan.

Ka kula da takarda ta uku, ita ce ta karal, fadamar nan mai baƙin laka. Da damina ruwa ne malale, baƙo sai ya ɗauka tafki ne. Idan ya janye mu dasa masakwa, dawar da ke nuna ba da ruwan sama ba. Gida arba'in ke ci daga nan, na rubuta sunan kowa da iyakarsa. Ka fahimtar da Baturen. Allah ya tsare.

Ilyasu

Wuro Jaɓɓi, Shawwal 1329

Shu'aibu, sallama.

Jiya mun sauka karal da dashe a ka, muka tarar da turaku da soja biyu. Wai ƙasa ce marar mai ita, gwamnati za ta gwada auduga. Mai kwalekwalen da ya kawo ku cikin damina ya ba ni labari. Baturen ya nuna ruwan ya ce, "Na wane ne?" Ka ce, "Na kifi ne, ranka ya daɗe." An ce ya yi dariya ƙwarai.

Magatakardan Baturen ya nuna mini bayanina. Takardu uku ne. Na kuma ji sunan sabon mai kula da gonar auduga. Barka da arziki. Hajja ta ce in tuna maka tuwon masakwar da ya raine ka, na ce mata mai manyan harkoki ba ya tuna tuwo.

Ilyasu

Garwa, Ramadan 1330

Yaya Malam, gaisuwa da neman afuwa.

Wallahi na zaci shekara ɗaya za su yi su bari. Audugar ta nutse gaba ɗaya. Yanzu Bature ya ce in dasa masa wannan dawar taku, in ba haka ba a bakin aikina. Ni kuwa tun ina yaro rabona da laka. Don Allah ka rubuto mini yadda ake yi, ka haɗo da iri. Wassalam.

Ƙanenka Shu'aibu

Wuro Jaɓɓi, Shawwal 1330

Shu'aibu,

Yadda ake yi yana cikin takarda ta uku, ka duba inda ka ajiye ta. Iri kuwa, tun cikin bazara muka ci shi.

Ka gaishe da kifayen.

Ilyasu