Daɓen Gwaggo Dela

Da sunan Allah Mai rahama.

Daga Alhaji Badamasi Mai Tirela na ƙetaren iyaka, zuwa ga ɗanmu Malam Zayyanu na sakatariyar Bagudo. Gaisuwa da yarda da aminci.

Bayan haka, labari ya iske mu za ka auri Safina ta Zagga bayan ƙaramar Salla, kuma kana ta neman wurin walima wanda ya dace da mutumin da ke yawo da biro cike da aljihu. To, daina wahala, mun ba ka gidanmu, mai koren ƙyaure, bayan shingen kwastan. Janaretanmu in ya tashi har mutanen Benin ke zuwa cajin waya. Kujerunmu in mutum ya zauna sai an kama hannunsa an jawo shi. Awakinmu ma da fanka suke kwana.

Ba ma riƙe waya, likita ya hana mu. Ka ba taubashinka Ɗanliti mai kabu-kabu amsa ya kawo. Yaro ne mai hankali, kuma in an duba da kyau ya fi ka fuskar ango.

Allah ya kai mu lokacin. Wassalam.

*

Ranka ya daɗe Alhaji,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan iyali suna lafiya. Takardarka ta ajami ta same ni a ofis, na karanta har na kusa haddace ta. Ban san inda ka san ni ba, amma ka fitar da ni kunya.

Mahaifiyata, Inna Dela, ta dage sai a tsakar gidanta a Geza. Har ta jiƙa makuba ta gayyato matan unguwa sun fara daɓe. Amma ranka ya daɗe, abokan aikina za su zo, har da shugaban sashenmu. Ina zan zaunar da su? Tsakanin rumbu da turken tumaki? Mutum yana cin shinkafa kaza tana leƙa masa faranti? Ina ƙaunar tsohuwa, amma gidan nan ba na nunawa ba ne.

Na karɓa hannu biyu. Sai dai a yi hattara da Ɗanliti. Da na ba shi labari, dariya ya yi ta yi har ya kusa faɗowa daga babur. Hassada ce.

Na bar ka lafiya. Ɗanka mai biyayya,
Zayyanu

*

Daga Alhaji Badamasi zuwa ga Zayyanu. Gaisuwa.

Bayan haka, mun sake shawara. Janaretan ya kamu da tari. Kujerun kuɗin cizo ya shige su. Ƙyauren ma ba kore ba ne sosai.

Kuma an gaya mana daɓen da tsohuwarka take yi ba a taɓa irinsa a Geza ba, wai tsakuwar ma da hannunta ta tsince ta. Walimar ɗa a gidan uwarsa ta fi albarka. Ka bar maganar gidanmu a cikinka, kada ka gaya wa kowa. Musamman ita.

Wassalam.

*

Ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa. Na gane, tawali'u ne irin na manya, ba kwa son a yabi abinku. Kada ka damu, zan zo da mai gyaran janareta.

Maganar ɓoyewa kuwa ta wuce. An buga kati da sunanka, an raba a sakatariya, an kai Zagga da Lafagu. Surukaina sun yi ta murna, har sun yi maganar motar da za ta kwashi dangin amarya.

Inna ma na gaya mata ran Laraba. Na iske matan sun ci rabin tsakar gida, suna waƙa, madaɓi na tashi. Na jawo ta gefe na faɗa mata. Ta dube ni, ta ce “To.” Sai ta juya ta ce wa matan kowa ta ajiye, Allah ya ba da lada, ta raba musu furar da ta dama. Ba ta yi faɗa ba, ka ga ta fahimta. Sai dai tun ranar in na kira, sai a ce tana salla.

A huta lafiya. Naka,
Zayyanu

*

Salamu alaikum, Zayyanu.

Takardarka ta kwana biyu a aljihu kafin a iya ɗaukar alƙalami.

Jiya tsohuwarka ta aika a kira Ɗanliti. Ya shiga ya ga rabin tsakar gida sumul kamar faranti, rabin kuwa ya bushe yana tsagewa, makubar ta yi wari a tulu. Ta ɗaure zabi biyu, ta cika kwalba da man shanu, ta ce a kai wa Alhaji. Ta ce: “Ka ce mishi Allah shi saka, ya rufa wa ɗana asiri. Wanga gida nawa dama bai kai ba, ni ce ban gane ba. Ka tambayo mini kuma, ko da wani lungu can baya inda tsohuwa za ta zauna ba ta ba yaro kunya ba.”

Gwaggona ce, Zayyanu. Ƙanwar babana. Ita ta yaye ni. Na tsaya riƙe da zabi. Har ta shafa kaina ta ce in bi hanya a hankali.

Zabin suna ɗakina, kuka suke tun jiya, man shanun yana kan taga. Ko kallonsu ba na iyawa.

Babu tirela, babu janareta. Bayan shingen kwastan ba komai sai rumfar Hamma mai fetur a kwalba. So na yi ka sa babbar riga ka je neman koren ƙyaure, in yi dariya, ka bi ni da takalmi kamar kullum, shi ke nan. Ban taɓa zaton za ka je mata da shi ba. Abin da ka rubuta kan gidan Gwaggo ban nuna wa kowa ba, ba kuma zan nuna ba.

Matan sun ce in an sake jiƙa ƙasar daɓen zai kama, amma sai ita da bakinta ta kira su. Zagga ni zan je in durƙusa, in bi katin gida-gida in karɓo. Wurin Gwaggo ne ƙafata ta ƙi zuwa ni kaɗai. Ka zo Juma'a mu shiga tare. Dukan da za ka yi mini kuwa na yarda, gabanin shiga ko bayan fitowa, ka zaɓa.

Babu wani Alhaji Badamasi. Wannan takarda da waɗancan biyun, hannu ɗaya ya rubuta su.

Ni ne, taubashinka,
Ɗanliti